Kundin Yammaci: Neman Inda Zan Zauna da Amarya a Gefen Garin Mubi

Alhamis

Yau Baba, mahaifin amaryata, ya ba da izini. Tun da aka sa ranar aurenmu nake zuwa zance gidansu, a sabuwar unguwar da ta tsiro bayan Barama, inda gine-gine ke ta cinye gonaki. Irin ginin zamanin nan ne: katanga, ƙofar ƙarfe, kana sa ƙafa sai tsakar gida. Babu zaure, babu dakali. Saurayi in ya zo, ko dai a shigar da shi falon maigida yara na kallon talabijin, ko kuma su tsaya jikin katanga cikin duhu, ga sanyi ga masu wucewa. Duk layin haka ake yi. Da an idar da magariba sai ka ga mutane bibbiyu jingine da bango, ba ka iya shaida fuskar kowa.

Baba ba ya son wannan tsayuwa, ni ma ba na son ta. Na bi ta hannun kawunta na roƙi alfarmar a riƙa barina in ɗauke ta bayan la'asar, mu je wani wuri mu ci abinci, mu yi magana a zaune. Amsa ta zo da sharuɗɗa: ƙaninta, Auta, zai riƙa raka mu, wurin ya zama inda duk mai wucewa zai gan mu, kiran sallar isha'i kuma ya same ta a gida. Da na je gaishe shi na durƙusa, sai ya ce, "Ba rashin yarda ba ne, ɗana. Mutuncinta nake tsare maka, tunda gobe naka ne."

Na karɓa hannu bibbiyu. Saura wurin. Abokaina malaman makaranta da ƙananan ma'aikata masu shirin aure duk tambayarsu ɗaya ce: ina mutum zai kai yarinyar da zai aura a Mubi, wurin da ba otal ba, ba kuma lungu ba? Zan riƙa rubuta abin da idona ya gani kowace rana, ko wani zai amfana.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na zaga cikin gari ni kaɗai, don zuwa da kai ya fi aike.

Mubi garin kasuwa ne kafin komai. Kogin Yedzeram ya ratsa shi, duwatsun Mandara sun tokare shi ta gabas, bayansu kuma Kamaru ce. Ƙananan hukumomi biyu ne suka raba shi, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. A kan titi guda za ka ji Fulatanci da Hausa da Gude da Fali da Njanyi da Margi da Higi, ga 'yan kasuwa Ibo, ga baƙi daga Kamaru da Cadi da sefarsu a aljihu. Garin da ke ɗaukar baƙi haka ba ya rasa abinci. Daga Kolere zuwa Sabon Layi, daga Yelwa zuwa Lokuwa, kowace kwana akwai mai tsire, mai ƙosai, mai shayi, mai shinkafa da wake.

Amma na lura kusan duk wuraren nan don namiji aka yi su: ɗan kasuwa mai sauri, direban da ke jiran lodi, ɗan dako da ya gaji. A ci a tsaye ko a kan benci, a wanke hannu, a wuce. Teburin mai shayi kuwa majalisar maza ce, inda ake siyasa da ƙwallo da farashin masara har dare ya raba. Budurwa ta zauna a nan, kafin ta kai kofi bakinta labari ya riga ta isa gida. Shi ya sa mata ke aiko yaro da kwano, ba sa zuwa da kansu.

Da na fita wajen gari ta ɓangaren Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya sai na ga wata duniyar daban. Ita da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, sun tara dubban ɗalibai maza da mata a unguwannin gefe. Ɗalibi dole ya ci a waje, ɗaliba ma haka. Saboda su ne aka sami rumfuna masu kujeru da tebur, inda ganin mace zaune da farantin abinci ba abin juyowa a kalla ba ne. Na ƙyalla wurare kaɗan, na riƙe su a rai.

Asabar

Fitarmu ta farko. Keke ya sauke mu a ƙofar wata Hajiya mai masa a Barama. Ta kafa rumfar kwano a jikin gidanta, ta kewaye gefen iska da zana, gefen titi kuma a buɗe. Masa abincin safe ce a wurin yawancin mutane, amma ita tana sake ɗora tanda da la'asar saboda ɗalibai.

Tun daga nesa ƙamshin ya tare mu. Ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya tashi da kyau, ba wanda aka cika wa yis don sauri ba. Bakin masar ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta fari tas mai laushi. Miyar taushe ce da kabewa da alayyafo da gyaɗa, da ɗan tantaƙwashi a ciki. A gefe 'yarta na zuba kunun gyaɗa daga babbar kula. Duk wanda ya san Adamawa ya san ba a yi mana gori a kunun gyaɗa. Nata na ɗanyar gyaɗa ne da aka markaɗa aka tace, aka dafa da shinkafa, aka ɗan tsinka da tsamiya. A hunturun nan, kofi ɗaya ya isa ya kori sanyi daga ƙashi.

Hajiya na ganin mu uku ta gane. Ta sa aka goge teburin ƙarshe, ta ce, "Amarya, zauna nan, hayaƙi ba ya zuwa." Auta kuma ta ja shi kusa da tanda ta cika masa faranti, yana ganin mu muna ganin sa, amma ba ya jin abin da muke faɗi.

A nan muka yi maganar da watanni muna kewaya ta a jikin katanga: karatunta. Saura mata shekara ta gama, tana tsoron kada aure ya yanke shi. A tsaye cikin duhu, duk lokacin da ta fara sai wani ya gifta, ko a leƙo a ce ana kira. Yau ta kai aya. Ta ce, "Malam, ina so in ji daga bakinka, ba daga bakin kawu ba." Na faɗa mata, ta kalli fuskata ta ga da gaske nake. Mun isa gida ana haramar magariba.

Lahadi

Wani abokin aikina Kirista, ɗan Michika, shi ma an kusa ɗaura masa aure, ya ce in zo in ga inda suke cin kifi a wajen Kabang. Ya faɗa mini tun farko cewa ana sayar da giya a wurin, don haka na tafi ni kaɗai.

Gaskiya ɗaya ce: ban ci gasasshen kifi mai daɗinsa ba a garin nan. Matar da ke gashin ta koyo hannun ne daga Kamaru. Tana tsaga tarwaɗa ko karfasa, ta cusa mata haɗin citta da tafarnuwa da albasa da masoro da attaruhu, ta ɗora a kan waya bisa gawayi, tana shafa mai tana juyawa har fatar ta yi ja. Ana kawo shi da soyayyar agada da wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye. Akwai kuma farfesun kan akuya.

Adamawa ba ta cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a a farkon shekarun 2000, kuma Mubi gari ne na Musulmi da Kirista, don haka mashaya a fili suke, a ƙauyuka ma burukutu na nan ranar kasuwa. Ba na shan giya, addinina ya hana, kuma ba zan zaunar da amaryata inda kwalabe ke kan tebur ba. Abin da ya ja hankalina shi ne maganar abokina. Ya ce iyayen tasa budurwar ma ba sa yarda ta wuce ƙarfe shida a irin wurin, don da duhu ya yi kiɗa ke ƙaruwa, bakin wasu kuma ya saki. Yawancin haɗuwarsu a harabar coci ce bayan an tashi. Ashe matsalarmu ɗaya: shi ma yana neman wuri mai natsuwa, ya rasa.

Muna zaune wani ya ajiye jaka ya fita amsa waya. Nan take yaron wurin ya bi shi da ita. Ba wanda ya yi mamaki. A Kabang ɗin nan ne bam ya tashi ranar 1 ga Yunin 2014, da yamma, inda jama'a suka taru kallon ƙwallo, mutane da dama suka rasu. Unguwar ba ta manta ba.

Na sa aka naɗe mini kifi biyu na kai gidan su amarya. Inna, mahaifiyarta, ta raba wa kowa, har Baba ya tambayi inda aka samo. Ga mai irin ra'ayina, wannan ce hanyar cin kifin wurin: a saya da rana, a kai gida.

Litinin

Ba mu fita ba. Na je gaida Gwaggo a Lokuwa, na tarar labari ya riga ni. Ta ce, "Ɗan nan, me nake ji? A zamaninmu budurwa ko ruwa ba ta sha a gaban saurayi."

Gwaggo ta ga jiya. An haife ta lokacin da Mubi ke cikin yankin Kamaru ta Arewa a hannun Turawan Ingila, bayan Jamusawa sun riga sun yi nasu mulkin sun tafi. Tana 'yar yarinya aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, wadda ta sa yankin ya zaɓi Najeriya, aka yi Lardin Sardauna da hedikwata a nan Mubi. Idan irinta ta yi magana, sai a saurara.

Na ce, "Gwaggo, to a ina kuke zance?" Nan fuskarta ta saki. Ta ba ni labarin dandali: farin wata, 'yan mata da farantan talla, gyaɗa da dakuwa da alewa, ana gaɗa ana tafi. Saurayin da ke son yarinya sai ya sayi tallarta duka, ya raba wa ƙawayenta, su koma gefe kaɗan su yi magana. Tsofaffi na kan tabarma ba nisa. In maganar ta yi ƙarfi, sai ta koma zaure, ga fitilar aci-bal-bal, ga ƙanwa zaune a bakin ƙofa.

Na ce, "To ai shi nake nema. Dandali babu, an yanka shi filoti. Zaure babu, magina sun daina yi. Abin da ya rage wa 'ya'yan yanzu shi ne jikin katanga, da cikin mota mai baƙin gilashi, da hirar waya har tsakar dare wadda ba mai gani. Wanne ya fi kusa da naku: waɗannan, ko teburi a rumfar Hajiya da ƙaninta a gefe?"

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "In dai a idon jama'a ne, kuma da ɗan rakiya, ba ni da ta cewa. Amma kada ka mai da ita 'yar yawo." Na riƙe wannan. Zancen iyayenmu bai taɓa zama abin ɓoye ba; mu ne muka tura shi cikin duhu, sannan muke kiran duhun kunya.

Talata

Ranar nama. Garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa maso Gabas bai kamata a ci nama maras kyau a cikinsa ba. Shanu na shigowa Tike, wato kasuwar shanun, daga Kamaru da Cadi, ana loda su a tireloli zuwa kudancin ƙasar nan, mahautan gari kuma suna samun rabonsu da ɗumi-ɗuminsa.

Mun nufi wani mai tukuba a hanyar Digil da aka yaba mini. Yabon bai faɗi ƙasa ba. Tsirensa ya sha ƙuli da yaji, ya jera tsinkayen kewaye da wuta ba a kanta ba, shi ya sa ya gasu har ciki bai ƙone ba. Balangun rago kuma yana yanka shi ne a gabanka daga kan wuta, ba na jiya da aka ɗumama ba. Yana da kilishi na tsaraba.

Sai dai babu wurin zama ko na mutum ɗaya. Ga ƙurar hunturu, ga ta manyan motoci. Amarya ta tsaya nesa ta rufe hanci da mayafi, maza cike da gaban tukuba. Ya ɗauko tsohuwar takardar buhun siminti zai naɗe, na roƙe shi ya sauya. Ya kawo farar takarda ba musu. Muka tsallaka wajen wani mai kankana da lemo da ke da benci a gindin darbejiya, muka sayi nasa, ya ba mu wuri. Da mutanen nan biyu za su haɗa kai, ɗaya nama ɗaya kayan marmari, su kafa rumfa da kujeru huɗu nesa da titi, da sun sami kasuwar da ba su taɓa zato ba.

Laraba

Yau Wuro Patuji. Na daɗe ina jin nauyin sunan unguwar nan. A daren 1 ga Oktoban 2012 'yan bindiga suka bi gidajen hayar ɗalibai ɗaki-ɗaki, suka kashe sama da mutum 20, yawancinsu 'yan makaranta. Shekara biyu bayan haka, ranar 29 ga Oktoban 2014, Boko Haram suka kama Mubi baki ɗaya har suka sauya mata suna, sai a tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato ta. Ko bayan an dawo ba a huta ba: an kai hari masallacin Madina a Unguwar Shuwa da asubar 21 ga Nuwamban 2017, aka sake kai wani a masallaci da kasuwa ranar 1 ga Mayun 2018. Shekaru aka yi ana dokar hana fita, ana rufe ƙofa tun rana ba ta faɗi ba. Duk wanda zai yi maganar fita cin abinci da yamma a Mubi, ya san da wannan a bayansa.

Wurin da muka je na wata dattijuwa ce da ɗalibai ke kira Mama. Ɗaki ne guda da baranda, tebura masu leda, bokitin wanke hannu mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, ƙwan sola biyu a sama. Ta rubuta farashin komai da alli a allo. Tuwon masara da na shinkafa, miyar kuka, miyar kuɓewa, miyar yakuwa da gyaɗa, da miyar tafasa wadda ba kowane gidan abinci ke yi ba. Amarya ta zaɓi yakuwa, ni tafasa, Auta shinkafa da wake da mai da yaji. Tsamin yakuwar ya daidaita da gyaɗar, an ji daddawa, ba a cika dunƙule ba. Girkin gida ne sak.

A teburin kusa da mu 'yan mata uku ne, biyu da hijabi ɗaya ba lulluɓi, suna ci a faranti ɗaya suna bitar jarrabawa. Da aka kira magariba Mama ta nuna wa amarya ɗan ɗakinta na ciki, akwai buta da darduma. Ni da Auta muka tsallaka masallacin layin.

Da muka dawo na tarar da su suna hira. Mama na ba ta labarin gudu: yadda suka bi ta kan duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, jikoki a baya, ba ruwa ba guzuri, yadda ta dawo ta tarar ko tukunya ba a bar mata ba, ta ari ɗaya ta sake kafa murhu. Sai na ji amarya ta ɗauka. Ita ma ta yi gudun, tana 'yar firamare. Ta rabu da Inna a cikin turmutsutsu, wata mata da ba ta sani ba ta riƙe hannunta har suka kai inda aka sami mota zuwa Yola, sai bayan kwanaki aka haɗa su. Har yau ba ta san sunan matar ba, abin da ta sani kawai tana sanye da sarƙa mai gicciye.

Duk zuwan da nake yi gidansu ban taɓa jin wannan ba. Shi ya sa take firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, shi ya sa ba ta son a kashe fitila. Mutum zai auri mace bai san abin da ke hana ta barci ba, don bai taɓa samun wurin da za ta zauna ta faɗa masa ba. Mama ta ƙi karɓar kuɗin Auta, ta ce na jikanta ne. Mun shiga gida ana shirin kiran isha'i.

Alhamis

Wani sabon wuri da ake ta yayatawa a WhatsApp, a wata unguwar gefe. Ba zan kama suna ba. Daga waje gwanin sha'awa: fenti, gilashi, janareta na ruri. Ciki kuwa fitilu shuɗi da ja ne masu duhu, kujeru a lungu-lungu an raba su da labule, kiɗa ba ka jin maganar na kusa da kai, hayaƙin shisha ya cika ɗakin. Ba a rubuta farashin komai ba. Ma'aikacin ya dubi takalmina kafin ya faɗi kuɗin shawarma. Ya kuma ce yaro ya jira a waje.

Amarya ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Malam, mu tafi." Muka fita. Duk wurin da zai ce ɗan rakiya ya tsaya a waje ya riga ya faɗa maka irin cinikin da yake nema. Irin waɗannan ne ke sa iyaye su yi wa kowane gidan abinci kuɗin goro, su hana 'ya'yansu har wuraren kirki. Mun ƙare a wajen wata mai awara da dankali a bakin layinsu, muka saya muka shiga da shi gida.

Juma'a

Yau lissafi na yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin keke ya haura, kuma unguwar gefe nisa gare ta. Mu uku ne, zuwa da dawowa. A wasu ranakun abin da keke ya ci ya kusa kai na abincin. Ga lefe a gaba, ga kuɗin haya.

Na san samarin da ke cin bashi don su burge budurwa da kaza da lemon kwalba, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook, bayan biki a fara rigimar cefane. Wanda ya fara da ƙarya, da ita zai ci gaba. Na buɗe wa amarya albashina yadda yake. Ta ce ita duk cikin wuraren nan kunun Hajiya da tuwon Mama sun fi kwanta mata, su ne kuma mafi araha. Muka yanke: fita sau ɗaya a mako ta isa, sauran ranaku in zo in gaida su Inna, mu zauna a tsakar gida.

Asabar

Baba ya yarda mu fita da hantsi, wani abokina ya ara mini mota. Muka ɗauki hanyar Gella, hedikwatar Mubi ta Kudu. Kowa da katin shaidarsa, don akwai shingayen jami'an tsaro, kuma mun ƙudura dawowa kafin la'asar.

Da ka bar gidajen ƙarshe sai ƙasa ta buɗe. Duwatsu jere har inda hazo ya yanke gani, wasu an sassaƙa musu matakalar noma tun kakanni. An gama girbi, ana sussukar dawa, mata na ɓarar gyaɗa a ƙofar gida, a fadamu kuma rake da kayan lambu sun yi kore shar.

A gindin wata tsamiya muka sami Fulani mata da ƙoransu. Amarya ta gaishe su da Fulatanci, nan da nan aka shimfiɗa mana buhu. Kindirmo ne mai kauri wanda ba a tsinka da ruwa ba, fura kuma ta gero mai citta da kanumfari, aka dama mana a ƙwarya da ludayi. Muka ci sauran kilishin ranar Talata. Auta ya hau wani dutse yana ɗaga mana hannu. Ba kiɗa, ba janareta, ba mai jiran mu tashi. A nan muka gama maganar inda za mu zauna bayan biki, da yadda za mu riƙa zuwa gaida iyaye ɓangare biyu.

Masu zuwa irin wannan wuri su kiyaye: a tafi da rana, a tambayi mutanen gari kafin a ratse daga titi, kada a shiga gonar kowa, kada a bar leda a ƙasa.

Lahadi

Na je na yi wa Baba godiya, na zayyana masa duk inda muka je, har wurin da muka juya daga bakin ƙofa. Ya ce a ci gaba a kan sharuɗɗan nan har ranar ɗaurin aure.

Ga abin da na tattara. Wuraren kirki suna nan a gefen Mubi, amma ba su ne masu gilashi da allon talla ba. Rumfunan mata ne a Barama da Wuro Patuji da sauran unguwannin ɗalibai, da inuwar itatuwa a hanyar ƙauye. Alamominsu ba su da wuyar ganewa: haske sosai, ƙofa a buɗe ga titi, mace a cikin masu wurin, ruwa da sabulu, farashi a rubuce, wurin salla kusa, da maraba da ɗan rakiya. In ɗaya daga cikin na farkon nan biyu ya ɓace, a juya.

Ga masu jari a garin nan: kuna gina shaguna da gidajen mai, amma ba wanda ya yi tunanin gidan abinci na iyali mai fili da itatuwa, da bayan gida mai tsabta, inda ango da amarya, ko miji da mata da 'ya'yansu, Musulmi da Kirista, za su zauna ba giya ba shisha. Masu bukatarsa sun fi yadda kuke zato. Ga shugabannin ƙananan hukumomin biyu: fitilun sola a layukan sababbin unguwanni tsaro ne, kuma kasuwa ce ga matan da ke dafa abinci. Ga samari 'yan uwana: ku nemi izini ta ƙofa, ku ɗauki ɗan rakiya, ku kashe daidai aljihunku, ku mai da 'yar mutane gida a kan lokaci.

Ga iyayenmu kuma, da girmamawa: hana fita bai hana zance ba, sai dai ya mai da shi bayan katanga da cikin waya. In an sa rana, kun san yaron kun san gidansu, ku ba su dama su zauna a fili su fahimci juna kafin a shafa fatiha. Ku sa sharaɗi, ku sa ido, amma ku bar su su yi magana.